Mai Tawada da Mai Ja

Antwerpen, Asabar da la'asar

Fons nawa, maigidana, sanyin idona, rana ta farko bayan dogon hunturu, ruwan da zuciyata ke tafiya a kansa,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi kogin Schelde faɗi a lokacin cikarsa. Ina gaida hannuwanka da igiya ta sa suka yi kanta. Ina gaida gwiwarka ta hagu mai kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ina gaida har wannan hular taka mai warin man inji, wadda na sha yin alwashin jefawa a ruwa. Amma ajiye gaisuwar tukuna, masoyina, ka ji abin da ya hana ni cire takalmi tun da na shigo ɗaki: kada ka sayar da jirgin ruwanmu! Kada ka sayar da Zwaluw! Idan kun haɗu da mutumin nan na Terneuzen a Gent, kada ka ba shi hannu. Ko ya miƙo nasa, ka cusa naka a aljihu, ka yi masa hirar ruwan sama, ka ce matarka ta hana. Na san halinka. Muddin tafinka ya taɓa tafin mutum, ciniki ya faɗa, ba ka komawa baya ko da abin zai ci ka har kabari. Shi ya sa nake rubutu da sauri haka. Zan aika wasiƙar ga mai tsaron ƙofar ruwa ta Doornik, inda jirage ke tsayawa a buɗe musu hanya, ya miƙa maka idan ka iso da alkamar Faransa.

Za ka ce me ya hana in roƙi wani ya kira ka ta oba-oba? Haba, Fons! In zazzage abin da ke raina, alhali duk matuƙan jiragen da ke tsakanin nan da iyaka sun kasa kunne suna kurɓar kofi? Ai kafin ka ɗaure jirgi sun raɗa maka sabon suna. Wannan magana tawa ce da kai, kuma yanzu ina da hannun rubuta ta.

Ka tuna hunturun da ƙanƙara ta kama mu kusa da Herentals, muna sabon aure, jirgi cike da yashi? Ruwa ya daskare ya zama dutse, jirage suka jeru kamar shanu a turke, babu gaba babu baya. Gawayinmu ya ƙare, ka fara tsaga tsofaffin katakai kana cusa wa murhu. Idan sanyi ya ishe mu sai ka ja ni mu hau murfin ramin kaya mu yi rawa da takalman katako, har matar jirgin da ke bayanmu ta leƙo ta ce ko dai mun sha wani abu ne. Wata safiya na tashi na ga an yi zane a kan raɓar da ta daskare a gilashin taga. Na ce maka, "Wace tsuntsuwa ce ta tattaka mana taga?" Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Sai kuma dariyar ta ɗauke. Ka kama yatsana ka bi zanen da shi a hankali, ka ce, "Sunanki ne, Leontine." Ni da na tashi a jirgin mahaifina, hannuna ya san igiya kafin ya san cokali, makaranta kuwa daga kan ruwa kawai nake hango ta, gini mai tagogi da yawa da ke wucewa kamar sauran gine-gine. Tun daga wannan safiya ka zama idona. Ka karanta mini allunan bakin ruwa, da takardar magani, da katin gaisuwar ƙanwata, ba ka taɓa yin tsaki ba ko sau ɗaya. Wace mace ce aka yi wa haka ta manta? Wane kogi ne ya manta inda ya ɓuɓɓugo?

Da 'yarmu Griet ta isa shiga makaranta, ka san rantsuwar da na yi: ba za ta ga sunanta ta ɗauka sawun tsuntsu ba ne. Sauran matan jirgi suka kai nasu makarantar kwana ta 'ya'yan matuƙa suka koma kan ruwa. Ni na kasa. In miƙa ta ga baƙi? Wa zai san tana tari idan ƙafarta ta jiƙe? Sai na sauka tare da ita, muka kama waɗannan ɗakuna biyu a bayan tashar jirage, inda ƙasa ba ta motsi kuma barci ba ya zuwa da wuri. Ban yi nadama ba, Fons. Ta yi karatu, kuma kunyar kasa duba mata aikin gida ce ta kai ni ajin yamma na Malama Hilde da furfura a kaina. Amma kai aka bari da jirgi da ma'aikatan haya, wannan ya zo ya tafi, wancan ya zo ya gudu.

Zuwanka na watan jiya bai bar ni ba. Ka zauna a kujerar nan da ta yi maka kaɗan, kana ta juya kofin da babu sukari a ciki. Ka ce ma'aikacinka zai sauka a Gent, ka gaji da neman wani, akwai mai saye, za ka nemi aiki a sito ka dawo mu zauna wuri ɗaya. Ka yi murmushi, amma da baki kawai. Ni kuwa na ce to, har na yi murna, domin wace ce ba ta son mijinta a gida? Sai bayan ka tafi na fara ganinka a raina cikin sito, babu taga, babu iska, kana tura amalanke kana kallon agogo. Zalɓe a akurkin kaji! Na rasa yadda zan yi, na riƙe bakina, ina ta wanke tukwanen da ba su yi datti ba.

Yanzu ga abin da ya faru yau, abin ƙaunata, kuma ka yi haƙuri idan rubutuna yana tsalle, zuciyata ce ke tura alƙalamin.

Malama Hilde ta kai ajinmu tsohon gidan ɗab'in nan na bakin Kasuwar Juma'a, wanda aka mayar gidan tarihi. Sau nawa muka wuce ƙofarsa, ni da kai, muna neman tsohon murhu ko kujera a gwanjo? Ban taɓa ɗaga kai ba. Gidan littattafai, me na ajiye a can? Jiya har na so in ce kaina na ciwo. Zulma ce ta hana, ƙawar nan tawa ta aji mai sayar da kifi, wadda bakinta ya fi wuƙarta kaifi. Ta ce, "In ba ki zo ba, zan zo da kwandon kifi in ɗauke ki a ciki." Na tafi da Griet, don ka san ba na barin ta ita kaɗai a gida.

Wayyo, Fons, da ma kana nan! Warin wurin ne ya fara kama ni: tsohon katako, da fata, da mai. Warin ɗakin injinmu ne, sai dai ya fi shi tsufa da ɗaruruwan shekaru. Daɓen katako yana kuka a ƙarƙashin ƙafa kamar jirgi idan ruwa ya fara tashi, har na ji ƙafafuna sun buɗe da kansu sun tsaya tsayuwar kan ruwa. Tsoro ya sake ni tun daga nan. Bangaye an lulluɓe su da fata mai ruwan zinariya. Akwai littattafai masu girman murfin tukunyar biki, wani an buga shi da harsuna da yawa a shafi ɗaya, kowane harshe a layinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar jirage a hanyar ruwa, wasu ma daga dama suke farawa. Akwai taswirar duniya da aka zana tun ana tsammanin akwai dodanni a teku. Na nemi Schelde a jiki, na same shi, siriri kamar zare, na karanta sunansa da kaina! Na kusa sa yatsa, mai gadi ya yi gyaran murya.

Sai ɗakin haruffa. Ka san kowane harafi ɗan guntun darma ne, ƙarami kamar ƙwayar alkama, kowanne da ɗan akwatinsa? Wani mutum ya zauna da ƙarfe da zarto ya sassaƙa shi tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba, kuma a juye, kamar a madubi. Ɗaya bayan ɗaya ake tsinto su a jera, har a yi kalma, har a yi shafi, in an gama a wanke su a mayar da kowanne gidansa. Ni da nake ɗauka rubutu daga sama yake saukowa ga masu sa'a! Ashe aikin hannu ne, Fons, kamar saƙa igiya, kamar ɗinke tanti. Mutane masu ciwon baya da baƙin farce ne suka yi shi. Aka bar mu muka taɓa wasu sababbi da aka ajiye don baƙi. Na tsinto na farkon sunana, na riƙe shi a tafin hannu, sanyinsa ya tuna mini da gilashin tagar nan ta Herentals, sai da na juya baya na share ido.

A wani ɗaki mai dogon tebur a gindin taga aka ce nan masu duba kurakurai suke zama, har da 'ya'yan maigidan mata, tun suna 'yan ƙanana, su ma suna dubawa. Griet ta daɗe a tsaye a wurin. Ni kuwa abin da na ce shi ne, "Allah sarki, ko an sa musu rigar sanyi a wannan ɗaki?" Zulma ta ce, "Leontine, sun mutu tun tuni, ki bar su su huta."

Daga nan aka shigar da mu inda injinan suke. Na katako ne, dogaye, baƙaƙe, an tokare su da rufin ɗaki don kada su motsa. Mafiya tsufa ba a taɓa su. Amma akwai guda a gefe da ake nuna wa baƙi aiki da shi, kuma wani dattijo mai suna Kamiel ne ke kula da shi, tsohon ma'aikacin ɗab'i, ɗan gajere, tawada ta zauna a tsagin yatsunsa zaman dindindin. Ya ɗauko wasu dunƙulen fata guda biyu masu mariƙin katako, cike da ulu, waɗanda ake dangwalar tawada da su a bubbuga a kan haruffa. Ya ce a da cikin fitsari ake jiƙa fatar ta kwana don ta yi laushi. Zulma ta toshe hanci ta ce, "Kuma ni ake ce wa ina warin kifi!"

Ya fara aiki. Ya shafa tawada, ya ajiye dunƙulen, ya goge hannu, ya zagayo ɗaya gefen da ɗingishi, ya shimfiɗa takarda mai ɗan danshi, ya tura ta ciki, ya kama sandar ƙarfe ya ja. Da ya ɗago takardar sai ga ta, gefe ɗaya baƙi, ɗaya gefen fari-fari. Ya kalle ta ya girgiza kai. Ya ce, "Kun gani? Kafin in zagayo tawada ta fara shan iska. Ba don mutum ɗaya aka yi injin nan ba. Mai tawada a can, mai ja a nan. Tare ake ɗaukar su aiki, tare suke cin abinci, idan sun yi faɗa da safe sai ka gani a shafi. Da mu biyu ne a nan, ni da abokina. Ya riga ni tafiya bara. Yanzu ni ne shi, ni ne ni."

Zulma ta turo ni gaba da gwiwar hannu. "Baba Kamiel, ga mai ja! Dubi damatsa. Wannan ta ja jirgin kwal da hannu ɗaya tana goye da yarinya."

"Zulma, ki ji tsoron Allah," na ce.

"To wa zai shafa tawada?" in ji dattijon. Kafin in buɗe baki Griet ta ɗaga hannu, ta riga ta naɗe hannun riga. Rigarta ta zuwa coci, Fons, mai launin sararin sama!

Ja na farko, na manta inda nake. Na kafa ƙafa, na kwanta baya da dukan jikina kamar ina tsayar da Zwaluw a bakin ƙofar ruwa. Injin ya yi wani nishi, dattijon ya dafe kai. "Baiwar Allah, takarda ce, ba jirgi ba!" Haruffan sun huda takardar sun fito ta baya. Matan aji suka kwashe da dariya, Malama Hilde tana ɓoye tata a bayan jaka.

Ja na biyu ya fi muni, kuma ba ƙarfi ne ya ɓata shi ba. Griet tana bubbuga tawada, ni kuma idona na kanta. Na ga hannun rigarta yana saukowa. Na ga yatsunta kusa da inda katako ke dannawa, ko da yake babu abin da ke motsi. Ban san lokacin da na saki sanda ba, na miƙa jiki ta saman injin na cafko wuyan hannunta. Hannun rigata ya share haruffan, tawada ta dame, ta hau haɓata, ta hau rigar da nake son in tsare. Griet ta ce, "Mama!" da irin muryar da ban taɓa ji a bakinta ba.

Dattijo Kamiel bai yi faɗa ba. Ya ɗauko tsumma yana goge haruffan, ya ce, "Dokar ɗakin nan guda ce, uwar yarinya. Mai ja ba ya taɓa tawada, mai tawada ba ya taɓa sanda. A da, duk wanda ya ƙetara gefen abokinsa, shi zai saya wa kowa abin sha."

"Mun gode, Leontine!" in ji Zulma. "Ni babban kofi nake so."

Dattijon ya ce, "Riƙe sandarki. Kalli bango in kina so. Idan ta gama za ta faɗa miki."

Fons, na taɓa tsayawa a goshin jirgi cikin hazon da ba na ganin hannuna, amma bai kai wannan wuya ba. Na damƙe ƙarfen da hannu biyu. Na kafa ido a kan wata ƙusa a bango. Ina jin ƙarar dunƙulen a bayan kunnena, caf, caf, caf, kamar agwagwa na taka laka, duk jikina yana cewa juya, duba ta, gyara mata. Ban juya ba. Na ji dattijon ya shimfiɗa takarda, ya tura. Sai muryar 'yarmu, a natse, kamar ta babbar mace: "Ja, Mama."

Na ja, daidai, ba da yawa ba. Da aka ɗago takardar, wayyo, hasken raina! Baƙi ƙirin, ko'ina daidai, kowane harafi a tsaye da ƙafarsa kamar bishiyoyin bakin hanyar ruwa da safe. Hoton garinmu ne daga kan kogi, da layi biyu a ƙasa, na karanta su da ƙarfi a gaban kowa ban yi tuntuɓe ba. Dattijon ya ɗaga ta wajen haske, ya daɗe yana kallo. Ya ce tun rasuwar abokinsa bai fitar da irinta ba. Ya rataye ta a igiya kamar wanki, ya ce mu dawo mu ɗauka idan ta bushe.

Muka fita tsakar gidan mu jira. Akwai wata tsohuwar kurangar inabi da ta rungume bango, 'ya'yanta sun fara baƙi. Muka zauna a benci, na ciro mana burodi da cuku, na tofa yawu a hankici zan goge mata kumatu. Ta kauce. Ta ce, "Mama, Baba ma haka yake yi. Kamar Baba Kamiel."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ta ce lokacin hutun da ta yi a jirgi ta gani. Idan kun doshi ƙofar ruwa, ma'aikacin naka yana tsaye baki buɗe da igiya a hannu kamar an ba shi maciji, sai ka saki sitiyari ka bi gefen jirgi a guje da wannan gwiwar taka, ka jefa igiya a turke, ka komo a guje kafin bayan jirgi ya bugi bango. Ta ce sau ɗaya santsi ya kwashe ka, ka riƙe da hannu ɗaya, ƙafafunka a kan ruwa tsakanin jirgi da bango, ka ce kada ta gaya mini. Fons! Tsakanin jirgi da bango! Na ajiye burodin. Kada ka yi fushi da ita, ni ma ban yi da kai ba, ko da yake za ka ji daga bakina.

Sai ta ce, "Ina son in tafi makarantar kwana. Na tambayi Malama Hilde, ta ce akwai gado. Yara duk irina ne, sun san jirgi, ba wanda zai ce mini 'yar kwale-kwale."

Na ce, "Wa zai duba ko kin sa rigar sanyi? Wa zai san ba kya cin albasa?"

"Ina da baki, Mama. Shekarata goma sha biyu."

"In kin yi zazzaɓi fa?"

"Sai in rubuto miki. Ai yanzu kin iya karantawa."

Ka san wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba? Duk shekarun nan, abin da ke ƙarƙashin tsorona ke nan ban sani ba: ta yi nisa, ta rubuto tana kuka a takarda, ni kuma in riƙe takardar kamar makauniya, in jira wani ya karanta mini kukan 'yata, ya rage abin da ya ga dama don kada hankalina ya tashi. Yanzu babu mai shiga tsakanina da ita. Ko tana ina, idan ta ce Mama, da idona zan ji.

Ta kama hannuna, nata baƙi, nawa baƙi. Ta ce, "Na iya gefena. Ki koma naki."

Ka ji 'yar da muka haifa? Ka ji ta? Na yi kuka a tsakar gidan mutane har Zulma ta zo ta ce idan na ci gaba inabin zai yi tsami. Malama Hilde ta nemi waya a shagon kusa ta kira makarantar, shugabar ta ce mu zo ranar Litinin da akwati.

Kada ka ɗauka tsoron ya tafi, rabin raina. Yana nan zaune a ƙirjina kamar kyanwa a kan murhu. Tun da muka dawo na ƙirga safarta, na sake ƙirgawa, na cusa mata rigunan sanyi har akwatin ya ƙi rufuwa, ita kuma tana fitar da su idan na juya baya. Ranar Litinin zan yi kuka a ƙofar makarantar, zan gaya wa shugabar zancen albasa da na tari har ta gaji da ni. A jirgi ma za ka sha fama. Zan riƙa tambayarka ko ana ruwa a Antwerpen alhali muna Faransa. Zan sa ka ɗaure kusa da tashar jirgin ƙasa duk ranar Asabar don ta zo mana, ko da kaya na jira, ko da mai kaya na zagi. Zan riƙa damun kowane mai tsaron ƙofar ruwa da tambayar ko akwai wasiƙa. Ka yarda da wannan? Ka iya ɗaukar mace mai zuciya biyu, ɗaya a kan ruwa ɗaya a tudu?

Amma zan dawo, Fons! Zan dawo! Ina jin kamar ƙanƙara ce ta tsage a cikina, ruwa ya fara tafiya. Ina marmarin hazon safiya a kan kogi, da warin kofi a ɗakin tuƙi, da agwagin daji da ke tashi a gabanmu suna masifa. Ina marmarin wankina yana kaɗawa a kan ramin kaya, da ƙasa mai motsi a ƙarƙashin ƙafata. Fiye da duka ina marmarinka, kai da ba ka iya faɗin abin da ke ranka sai dai ka gyara abin da bai lalace ba. Wane irin mutum ne zai sayar da numfashinsa don ya zauna kusa da matarsa, ya kuma yi murmushi? Ta yaya zan karɓi irin wannan kyauta in ci abinci ya zauna mini? Ba na son ka a kujerar nan da ta yi maka kaɗan. Ina son ka a inda ka cika, tsaye, ido a kan ruwa, iska tana taɓa furfurarka. Can na same ka, can nake son in tsufa da kai.

Ka sallami ma'aikacin ba sai an kai Gent ba, ka yi masa fatan alheri. Ka aika wa mutumin Terneuzen ya nemi wani jirgin. Ka fitar da gwangwanayen fenti daga gefena na gado, na san nan ka tara su.

Ba zan jira amsa ba, domin babu lokacinta. Idan na kai Griet ranar Litinin, washegari zan hau jirgin ƙasa zuwa Oudenaarde, in tsaya a kan bangon ƙofar ruwa da jakata da takalman aikina, har ka iso, ko da zan kwana biyu a gidan mai tsaron. Za ka hango ni tun daga kwanar kogi, mace mai jajayen idanu da ragowar tawada a haɓa, don ta ƙi fita da sabulu. Na san abin da zuciyarka za ta ce maka a lokacin: saki komai, ruga ka tare ta. Kada ka yi! Kada ka bar sitiyari, masoyina. Ka shigo a hankali, ka matso da goshin jirgi jikin bango, ni zan sauko da kaina in ɗauki igiya. Ka tsaya a gefenka. Gaban jirgi nawa ne.

Taka, a kan ruwa da tudu, a cika da janyewa, har ranar da za a ɗaure mu a turke ɗaya,

Leontine